Sauya Intanet na Gida a Kano Ba Tare da Rasa Lambar da Aka San Ka da Ita Ba

Magidanta da yawa a Kano sun gaji da intanet ɗin da suke biya duk wata, amma sun kasa rabuwa da shi, kuma idan aka bincika za a tarar ba kuɗin sabuwar na'ura ne ya riƙe su ba. Abin da ya riƙe su shi ne lambar waya. Ita ce a rubuce a allon shago, ita ce banki yake turo wa alat, ita makarantar yara take kira, ita ce kuma dangi na ƙauye suka haddace tun shekaru goma sha da suka wuce. Mutum yana tsoron idan ya bar kamfanin, lambar za ta tafi tare da shi.

Wannan tsoro yana da asali. A zamanin NITEL, lambar da ta fara da 064 tana ɗaure ne da wayar da aka ja daga turke zuwa cikin gida, wanda ya tashi daga gidan ko ya bar kamfanin ya bar lambarsa ke nan. Bayan zuwan wayar salula a 2001, wayoyin tebur marasa igiya irin na Starcomms sun yi tashe a shagunan Kano na wani lokaci, daga baya su ma suka shuɗe tare da lambobinsu. Yau wayar tebur mai lambar gari ta rage galibi a ofisoshi da manyan kamfanoni, kuma tun daga farkon 2024 an sauya tsarin lambar, inda 064 ta koma 02064. A mafi yawan gidaje kuwa, abin da ake kira lambar gida layin salula ne da ya daɗe a hannun maigida ko uwargida, kuma irin wannan layin ana iya tsira da shi, ko wane intanet aka koma. Sharaɗin kawai shi ne a ɗauki lambar a matsayin abu ɗaya, intanet kuma abu daban, a yanke shawara a kan kowanne shi kaɗai.

Ma'aunan da za a duba

Ma'auni na farko shi ne kuɗi, kuma kashi biyu ne: na shiga, wato na'ura da aikin haɗawa, sannan na wata-wata. Na biyun ya fi muhimmanci, domin na shiga sau ɗaya ake biya, na wata kuwa yana nan muddin ana amfani, kuma yana iya tashi kamar yadda ya faru a Janairun 2025 lokacin da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. A nan ne ya kamata a karanta sharaɗin tsare-tsaren da ake tallatawa a matsayin marasa iyaka, saboda da yawansu suna da ƙayyadadden adadin data wanda idan aka ƙetare shi ake rage gudu har watan ya ƙare.

Na biyu shi ne juriya, wato yadda abin zai tsaya a yanayin Kano: ɗauke wuta, zafin bazara da ke gasa na'ura, ƙurar hunturu, ruwan sama mai iska a watan Agusta, da aikin titi ko magudanar ruwa da ke tsinka waya. Na uku sauƙi ne, daga ranar saye har ranar da abu ya lalace ana neman mai gyara. Na huɗu shi ne haɗari, wato abin da za a yi asara idan zaɓin bai dace ba. Na biyar kuma, wanda shi ne dalilin wannan rubutu, shi ne makomar lambar.

Hanyoyin da lamba take bi

Hanya mafi aminci ita ce a bar lambar a kamfanin da take, a cire sim ɗin daga rauta (na'urar da ke raba intanet a gida ta waifai) ko mifai (ƙaramar rautar aljihu) idan a can yake, a mayar da shi cikin ƙaramar waya ko wayar tebur mai ɗaukar sim, irin waɗanda ake samu a kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut. Daga nan sai a sayi intanet a duk inda ya fi, da sabon layin da ba ruwansa da banki ko abokan ciniki. WhatsApp ɗin da ke kan tsohuwar lamba zai ci gaba da aiki a kan waifai na sabon kamfani ba tare da wani canji ba, domin sim ɗin ana buƙatarsa ne kawai lokacin karɓar lambar tantancewa.

Wannan hanya tana da rami guda ɗaya, kuma na ga wanda ya faɗa ciki. Wani ƙanin mahaifina mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya sa layin shagonsa na shekara da shekaru a cikin mifai, da ya sami wanda ya fi shi sauri sai ya jefa tsohon a aljihun tebur tare da rasitai da makullan da aka daina amfani da su, sim ɗin yana ciki. Fiye da shekara bayan haka wani abokin cinikinsa daga Zinder ya kira lambar da ke jikin ledar shagon, wata mata ta ɗauka ta ce ita ba ta san wani Alhaji ba, layin sabo ta saye shi. Da muka je ofishin kamfanin, ma'aikaciyar ta duba kwamfuta ta ce: «Baba, ka yi haƙuri, lambar ta riga ta zama ta wani.» Bisa ƙa'idar NCC, layin da ya yi wata shida ba a yi wani abu da shi da ke jawo kuɗi ba ana iya rufe shi, idan ya ƙara wasu wata shida a haka ana iya sayar da lambar ga wani. Saboda haka duk wanda ya ajiye layi a gefe, ya riƙa sa masa kati yana kira da shi ko sau ɗaya ne a wata.

Hanya ta biyu ita ce a ɗauki lambar a koma da ita wani kamfani, abin da aka fara a Najeriya a watan Afrilun 2013. Mai layin da kansa zai je ofishin kamfanin da yake son komawa da shaidarsa, layin kuma ya kasance an haɗa shi da lambar NIN da sunansa. Zai cike takarda, ya tura kalmar PORT zuwa 3232 daga tsohon sim, a ba shi sabon sim, kuma a ƙa'ida aikin yana kammala cikin sa'o'i 48 ba tare da an biya kuɗin canjin ba. Shi ya sa yanzu lambar da ta fara da 0803 ba lallai ta MTN ba ce, haka 0802 ba lallai ta Airtel ba. Sai dai katin da ya rage da datar da ba a cinye ba ba sa bin mutum, bashin kati da aka ranta ya kyautu a biya shi tukuna, kuma akwai wa'adin da za a zauna a sabon kamfani kafin a sake ƙaura. Babban abin da ke hana mutane a nan shi ne sunan rajista: layin da yaron shago ya yi wa rajista da sunansa, ko wanda ke da sunan mahaifin da ya rasu, sai an gyara wannan kafin a yi maganar komawa ko'ina. Wannan tsari na layukan salula ne kawai. Wanda yake da lambar tebur ta 02064 daga wani kamfani ya tambaye su a rubuce ko za su bar masa layin waya shi kaɗai idan ya daina sayen intanet ɗinsu, kuma kada ya yanke komai sai ya ga amsar.

Rauta mai 4G

Wannan shi ne zaɓin da ya fi yawa a gidaje, kuma shi ne mafi arha wajen shiga. Ana sayensa a ofishin kamfani ko wajen wakili, a haɗa shi da wuta, cikin mintuna an fara aiki. Wutar da yake ci kaɗan ce, wajen wat 10, don haka ƙaramin batirin ajiya yana riƙe shi sa'o'i da yawa, kuma idan an tashi daga gidan haya sai a ɗauke shi a leda. Wasu nau'o'insa suna da ramin da ake jona wayar tebur a baya.

Rauninsa shi ne ingancinsa yana hannun ƙarfen sabis ɗin unguwa da yawan mutanen da ke kansa. Gudun da aka gani da hantsi ba shi za a gani bayan sallar isha'i ba, lokacin da kowa ya koma gida ya buɗe bidiyo. Ginin gidan ma yana da tasiri: ɗaki mai kaurin katangar ƙasa a cikin lungunan Birni, ko falon ƙasa a gida mai rufin kankare, yana iya cinye rabin sabis ɗin da ake samu a ƙofar gida. A gidanmu sai da na zagaya da rautar ɗaki-ɗaki, na ƙare da ɗora ta a kan kabad kusa da tagar da ke kallon gabas, a nan ne kawai fitilunta uku suka kama gaba ɗaya. Abin lura kuma shi ne rautar da kamfani ya sayar da araha yawanci a kulle take, ba ta karɓar sim ɗin wani. Wadda ba a kulle ba ta fi tsada, amma a ganina ita ce ta cancanci kuɗinta, domin ranar da sabis ya lalace sim kawai za a canza.

Rauta mai 5G

Kano tana cikin birane bakwai da MTN ta fara da su lokacin da ta buɗe 5G a 2022, Airtel kuma ta shigo harkar a 2023. Inda sabis ɗin ya kama da kyau, gudunsa ya ninka na 4G sau da yawa, gida mai mutum goma yana iya kallo da karatu da taron bidiyo a lokaci guda. Amma siginar 5G ba ya tafiya nesa kuma ba ya ratsa gini sosai, shi ya sa za ka ga layi ɗaya a unguwa yana da shi, layin bayansa babu. Idan babu, rautar tana komawa 4G, mutum ya biya kuɗin doki ya hau jaki. Kafin a saya, a ari waya mai 5G da sim ɗin kamfanin, a gwada a ainihin wurin da rautar za ta zauna, da rana sau ɗaya, da dare sau biyu ko uku. A kuma tuna cewa saurin yana sa data ta ƙare da wuri, saboda bidiyo yana ɗaga ingancinsa da kansa idan ya sami hanya. Na'urar tana ɗumi, don haka a bazara kada a ajiye ta inda rana ke dukanta ko a rufe ta da ƙyalle saboda ƙura.

Faiba har cikin gida

Idan ana maganar inganci tsantsa, wannan ne na ɗaya. Wayar gilashi ce ake jawowa har cikin gida, ba ruwanta da cunkoson ƙarfen sabis ko kaurin bango, kuma gudun tura abu yana da kyau ƙwarai, abin da mai ɗora bidiyo ko mai koyarwa ta intanet ya fi kowa sanin darajarsa. Yawancin tsare-tsarenta da gudu ake sayar da su, ba da yawan data ba, don haka gidan da ke cin data da yawa ya fi samun sauƙi a nan.

Matsalarta ta farko ita ce samuwa. Faiba layi-layi take bi, kuma an fi samunta a unguwannin da ke da ofisoshi da shimfiɗaɗɗun tituna irin su Nassarawa da Bompai fiye da cikin lunguna ko sababbin unguwannin bayan gari. Hanyar sani ita ce a kira kamfani ya zo ya duba gidan, a kuma tambayi maƙwabcin da ya riga ya ja kwana nawa ake ɗauka kafin a zo gyara. Wannan tambayar ta fi ta gudu muhimmanci, domin abin da ke kashe faiba shi ne tsinkewa: motar haƙa ta masu aikin titi, mai gina kwata, ko babbar mota da ta ja wayar sama. Idan ta tsinke ba dabarar da mai gida zai yi sai jira. Ɗan haya kuma sai da yardar mai gida kafin a huda bango, idan ya tashi ba zai tafi da wayar ba. Game da lamba, faiba ba ta taɓa layin salula ko kaɗan. Idan kamfanin ya haɗa da lambar tebur a matsayin kyauta, kada a buga ta a allon shago, domin ranar rabuwa da su ita ma za ta tafi.

Starlink

Najeriya ce ƙasa ta farko a Afirka da Starlink, intanet ɗin da ake samu ta tauraron ɗan Adam, ya fara aiki, a Janairun 2023. Taurarinsa suna yawo a nisan kusan kilomita 550 daga ƙasa, farantin da aka ɗora a rufi yana magana da su kai tsaye, saboda haka ba ya buƙatar ƙarfen sabis ko wayar da aka binne a titi. Mai gida a bayan Janguza ko mai gona a hanyar Wudil zai sami abin da na tsakiyar gari yake samu, muddin sama a buɗe take ba bishiya ko dogon bene da ya tare ta.

Tsadarsa ce babbar magana. A 2025 kuɗin wata na tsarin gida ya kai naira 57,000, babban farantin kuma ya haura rabin miliyan, kuma farashin ya sha canzawa tun zuwansa. Ga kuma wuta: babban farantin yana cin wat 75 zuwa 100, ninki bakwai ko fiye na rautar 4G, don haka wanda ba shi da sola da inbata mai ƙarfi ya sa kuɗinsu a lissafi. Duk wanda ya zauna a Kano a Oktoban 2024, lokacin da lalacewar layin wutar Shiroro zuwa Kaduna ta jefa Arewa cikin duhu na kwanaki, ya san abin da nake nufi. Ruwan sama mai ƙarfi yana iya katse shi na ɗan lokaci, kuma idan matsala ta taso ta manhaja ake kai ƙorafi. Ba ya zuwa da lambar waya, don haka tsohon layi yana nan a inda yake, sai dai a kula kada ya mutu saboda an daina sa masa kati. Kada kuma a sayi faranti na hannu sai an tabbatar mai shi ya sake shi daga asusunsa.

| Zaɓi | Kuɗin shiga | Kuɗin wata | Juriya | Sauƙi | Babban haɗari | Lamba |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Rauta 4G | Kaɗan | Gwargwadon data | Tana jure rashin wuta, tana rauni da dare | Mai sauƙi ƙwarai | Cunkoso da rauta a kulle | A cire tsohon sim daga cikinta |
| Rauta 5G | Matsakaici | Matsakaici zuwa sama | Mai kyau inda sabis ya kama | Mai sauƙi | A saya a tarar babu 5G a ɗakin | A bar ta ko a koma da ita |
| Faiba | Ya danganta da nisan ja | Tsayayye | Mafi kyau, sai dai tsinkewa | Sai ma'aikata sun zo | Jiran gyara, barin gidan haya | Ba ta taɓa layin salula |
| Starlink | Mai yawa ƙwarai | Mai yawa | Ba ruwansa da waya, yana son wuta | Sai an hau rufi | Tashin farashi, nauyin wuta | Ba ya zuwa da lamba |

Wanne ya dace da wa

Ɗan haya, ko ƙaramin iyali da amfaninsu bai wuce WhatsApp da karatun yara da ɗan kallo ba, ya sayi rautar 4G wadda ba a kulle ba, ya gwada sim biyu ko uku na mako guda kowanne kafin ya sayi tsarin wata, lambarsa ta asali kuma ta zauna a wayar hannunsa. Babban gida mai ɗalibai da yawa, idan gwajin dare ya nuna 5G yana kamawa a cikin falo, rautar 5G za ta ishe su ba tare da huda bango ba.

Wanda gidan nasa ne, kuma abincinsa yana kan intanet, kamar mai aiki daga gida, mai koyarwa, ko mai shagon rajistar jarrabawa, faiba ce tasa idan ta iso layinsu, amma ya ajiye ƙaramar rauta ko mifai da ɗan tsarin data saboda ranar da waya ta tsinke. Starlink na wanda sauran ukun ba su isa wurinsa ba ne, ko makaranta, asibiti da kamfanin da tsayawar aiki na yini ɗaya ya fi kuɗin wata tsada, kuma suna da wutar da za ta riƙe shi.

Komawa da lamba wani kamfani kuwa, ban ga dalilinsa ba idan intanet ne kawai matsalar. Ya dace ne da wanda kiran waya ma yake yankewa a gidansa ko shagonsa, har abokan ciniki suna cewa ba sa samunsa. Irin wannan ya tabbatar sunansa ne a rajistar layin, ya cinye katinsa da datarsa, ya zaɓi ranar da ba ya jiran kuɗi daga banki, sannan ya je. Idan an wuce sa'o'i 48 layin bai tashi ba, ya fara kiran sabon kamfanin a 300 ya karɓi lambar ƙorafi, idan ba su warware ba ya kai maganar ga NCC a 622, kiran kyauta ne. Duk zaɓin da aka yi, kada a yanke tsohon intanet sai sabon ya yi aƙalla mako biyu yana aiki a gidan, har da daren Asabar da Lahadi.